Ranar da Baba Manasse Ya Ce a Kore Shi Daga Makaranta

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Mama ta dawo daga aiki da hantsi, ta ce Baba Manasse, mai kamfanin taba na Dusuman, ya rasu. Baba, ni ce Ketura, 'yar Edith mai tsince ganye a kamfaninka. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

An ce da turmi ɗaya ka fara a Konduga, kana daka ganye da kanwa, kafin ka sayi inji a Ajilari, har ka gina kamfani. Abin dariyar shi ne, kai ba ka taɓa shan taba ba. Da ka shiga ɗakin niƙa sai atishawa, ma'aikata su yi ta "Sannu, Baba!"

Ina aji shida kayan makarantata suka ɗauki warin taba, don igiyar shanyarmu ɗaya da Mama. Shugabar makaranta, Malama Yagana, ta shinshina rigata, ta ce sigari nake sha, kada in dawo. Ga jarrabawar fita ta matso. Na koma gida ina kuka.

Mama ta gaya maka, washegari ka kama hannuna har ofishinta, ka miƙa mata hannun babbar rigarka.

"Malama, shinshina nan."

Ta shinshina, ta kau da kai.

"To, ni ma a kore ni. Wane aji nake?"

Dariya ta ƙwace mata, ta ce, "Ketura, wuce aji, kafin ɗan ajinku ya cika mana ofis da atishawa."

A watan da aka yi haka ka gina wa ma'aikata wurin wanka da sauya kaya, har da sabulu. Ka ce taba sana'arka ce, amma ba ta da aiki a jikin yara. Na ci jarrabawa, ina sakandare yanzu. Kullum in na hango ka sai in ɓuya a bayan Mama, ban taɓa yi maka godiya ba.

Jiya mun je gaisuwa wurin matarka, Mama Vivian, na ga rigar a rataye. Har yanzu tana warin. Na matsa kusa na ce na gode, da ƙarfi, kowa ya ji.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutu. Ya ta'azantar da Mama Vivian, da 'ya'yanka, da duk masu ce maka sannu.