Umarnin da ban bayar ba

Kawuna tsohon saje ne a soja. Da ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu, muka ɗauko shi daga Ɗanzomo zuwa gidana a Gumel. Likita ya ce a riƙa motsa hannun. Kawu ya ce shi ba zai zauna yana matsa ƙwallon roba kamar yaron goye ba, fareti zai yi. Bindigarsa ƙotar fartanya ce, ni ne kwamanda, saboda muryata kan tashi kajin unguwa uku.

Kullum da hantsi mukan fita tsakar gida. In na ce a ɗauki bindiga, ya manna ƙotar a jikinsa. In na ce gaisuwa, ya tsayar da ita a gaban hancinsa, hannun hagu na riƙe da tsakiyarta, ƙafar dama a bayan diddigen hagu. In na ce sauke, gindinta ya dira kusa da ɗan yatsan ƙafarsa. A wata biyu hannun ya fara riƙe kofin shayi.

Wata Alhamis na ba da umarnin gaisuwa, sai abokina ya yi sallama, zai tafi kasuwar Maigatari. Na leƙa zaure da niyyar minti ɗaya. Muka shiga labarin wani rago da na rantse ya kai jaki, daga nan siyasa, daga nan ƙwallo.

Da na dawo, rana ta cinye inuwar darbejiya, Kawu na tsaye yadda na bar shi. Ƙotar na karkarwa, gumi ya jiƙe rigarsa. Matata ta ce ta roƙe shi ya zauna har sau uku, ko kallonta bai yi ba.

Maimakon in ba shi haƙuri, sai bakina ya riga ni: "Kawu, ai da ka sauke, ko shugaban ƙasa ne ya wuce tuni."

"Ba a ce in sauke ba," in ji shi.

Na ba da umarnin da wata 'yar murya. Ya sauke daidai ƙa'ida, ya jingine ƙotar a bango, ya shige ɗaki.

Washegari na fito da wuri, har da gyaran murya. Kawu ya ce in je aiki kada in makara. Rana ta gaba ma haka. Na kawo masa tsire, na roƙe shi gafara, ya ce ba komai, ya yafe. Amma bai sake fitowa fareti ba, kuma kafin damina yatsun hagun sun koma sun dunƙule. Ni nake riƙe masa kofin yanzu.