Dutsen Niƙa a Ƙofar Mpok Saodah

Shekara arba'in Mpok Saodah, wato Yaya Saodah, ta yi tana soya kifi a bakin kogin Ciliwung da ke birnin Jakarta, kuma ba ta taɓa rufe ƙofarta da rana ba. Da ta fara niƙa barkono, maƙwabciyarta Rohaya za ta leƙo da kwano, ta ce, "Yau ma da tari za ki kashe mu?"

Da aka tashi unguwar saboda ambaliya, sai aka raba musu ɗakunan bene ta hanyar ƙuri'a. Saodah ta ciro hawa na tara a gabashin Jakarta, Rohaya kuwa ta ciro can bakin teku, sai an hau mota uku.

Ɗakin ba laifi, ga famfo, rufi ba ya yoyo. Ƙofar ce kawai ta ƙi jini, don da ka sake ta sai ta rufe kanta. Shi ya sa take tokare ta da dutsen niƙanta.

Wata rana matar da ta zana ginin ta zo jin ra'ayin mazauna, ta ga dutsen.

"Mpok, saboda gobara aka yi ta haka."

"Neng, 'yata, ke da kika yi karatu, in ta rufe, wa zai ji ƙamshi ya leƙo?"

Matar ta dubi barandar, sauran ƙofofi ashirin duk a rufe.

Har yau Saodah yajin gida biyu take niƙawa. Takan ajiye rabi a kwano a bakin ƙofa, da yamma ta ɗauko shi yadda ta ajiye.