Zuwa Kibiya Neman Yardar Baba Kan Karatun Rana

Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida. An ba ni gurbin karatu a ƙasar waje, inda ake nazarin aman wutar da rana ke yi, amma na ce ba inda za ni sai Baba ya yarda, shi kuwa sau biyu yana aiko mini da a'a ba dalili. Mota ba ta cika ba sai bakwai, mata a baya kamar yadda aka koma yi tun zuwan Shari'a. Kuɗin mota naira ɗari da hamsin.

Rano

Shinge biyu muka wuce, muka iso takwas da rabi. Na sha koko da ƙosai a tsaitsaye, na tare ɗan acaɓa.

"Kibiya, Malam? To riƙe hularka."

Kibiya

Na sami Baba a zaure da rediyonsa a cinya. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Bayan gaisuwa ya ce, "Ni sau ɗaya na kalli rana, ranar husufi ina saurayi. Kowa na leƙa ƙwaryar ruwa, na ɗaga kai. Ga ni nan. Kai kuma kullum za ka kalle ta?"

Ashe ba nisan yake tsoro ba. Tausayinsa ya kama ni.

"Baba, ba kallo ake ba, sauraro ake. Wani ƙaton faranti ke kamo igiyoyin rediyon da take fitarwa, gajeru kamar ƙwayar gero. Inji ya rubuta, mu muna ɗaki. Rediyonka bai taɓa ɗaukewa da tsakar rana ba?"

"Sau uku ina kai shi gyara Rano. Har na daina gaisawa da mai gyaran."

"Wataƙila ba laifinsa ba ne. In rana ta yi aman nan, tashoshin nesa kan ɓace."

Ya yi dariya har da tari. Ya laluba fuskata, ya ɗora yatsunsa a kan idanuna.

"Je ka, Allah ya yi albarka. Amma ka dawo mini da waɗannan, da su nake gani."

Kuka ya zo mini.

Komawa

Na tsaya Rano na ba mai gyara haƙuri, don Baba ne ya aike ni. Ana kiran magariba na shiga gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon nan da ya sake ni alhali ba ya so.