Tagar Gidanmu na Deptford

Wata Talata ce a farkon watan Disamba, ina da shekara goma, Umma ta tare ni a bakin ƙofa na riga na goya jakar makaranta, ta ce in sauke, yau ni ce bakinta. Ƙarfe goma ma'aikaciyar council, wato ƙaramar hukuma, za ta zo duba gidanmu, Abba kuma an hana shi hutu a asibitin da yake aiki. Umma tana jin Turancin sayen doya da tattasai a kasuwar Deptford, amma Turancin hukuma ya fi ƙarfinta.

Gidan da muke haya tsoho ne ƙwarai, an ce don matuƙan jiragen ruwa aka gina layin gaba ɗaya, shekaru wajen ɗari uku da suka wuce. Jan bulo ne siriri mai hawa uku, mu muna ƙasa. A saman ƙofar shiga an sassaƙa ganyaye da kawunan jarirai masu kumatu, waɗanda Umma ba ta taɓa yarda ta ɗaga kai ta kalla ba. Bangon ɗakunan duk katako ne, daɓen kuma ya karkace, har ni da ƙanena Sadiƙu muka mai da shi filin wasa: mu ajiye lemo a gindin murhu, mu ga na wa zai riga isa ƙofa. Duk Asabar ni ke goge matakalar bene da tsumma, ina bin ƙafafun makarinta masu murɗe kamar igiya ɗaya bayan ɗaya. Tagar ɗakin kwananmu irin wadda ake turawa sama ce, gilashinta ba shi da santsi, in ka leƙa sai ka ga masu wucewa suna lanƙwashewa. Ina son tagar nan, amma iska tana shigowa ta kowace kusurwarta, Sadiƙu kuwa yana da ciwon asma. Sau biyu a sanyin shekarar aka kwantar da shi a asibiti.

Abba ya rubuta wa mai gidan wasiƙa uku, ba amsa. Sai ya kira wani kafinta, Bahaushen Kumasi, ya cire tsohuwar tagar ya sa ta roba. Sadiƙu ya fara barci ba tari. Mako uku bayan haka takarda ta iso daga council: gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, canja ko da taga ɗaya ba izini laifi ne da kan kai mutum kotu. A lokacin takardunmu na zama suna ofishin shige da fice a Croydon, ana jiran hukunci. Na ga Abba ya karanta wasiƙar a tsaye, ya sake karantawa a zaune, ya ce, "In aka rubuta mini laifi, mun tafi ke nan." Washegari Umma ta kwaso ɓangarori biyu na tsohuwar tagar daga bayan gida inda kafinta ya jingine su, ta naɗe da bargo, ta tura ƙarƙashin gado. A ganinta, in ba a ga abin da aka cire ba, ba shaida.

Ma'aikaciyar ta zo a kan keke, doguwa mai furfura, da tocila da ƙaramin littafi. Ta shafa bangon katakon da tafin hannu kamar mai gaida mara lafiya, sannan ta tsaya gaban tagar roba. Gadon yana bayan dugaduganta, gefen bargon ya leƙo. Ta tambayi ina tsohuwar take. Umma ta dube ni ta ce, "Ki ce kafinta ya tafi da ita." Na faɗa. Matar ta rufe ido, ta ce abin takaici ne, domin in da tana nan, mayar da ita kawai za a yi a rufe magana, amma in an hallaka ta, dole ta miƙa batun ga lauyoyi. Na fassara wa Umma. Ta ce, "Wayo ne, so take mu fito da ita ta kama mu. Ki yi shiru."

Matar ta buɗe littafinta ta fara rubutu. Ina jin ƙarar alƙalamin, ina jin numfashin Sadiƙu daga falo. Ban taɓa saɓa wa Umma a gaban baƙo ba. Na durƙusa, na kama gefen bargon na ja. Umma ta ce, "Hadiza!" sau ɗaya tak. Matar ta tsuguna, ta haska katakon da tocila, ta ƙirga gilasan, duk goma sha biyun lafiya. Ta tambaye ni dalilin cirewa, na gaya mata zancen asma. Ta soke abin da ta rubuta, ta ce a mayar da tagar, a ƙara wani gilashi daga ciki wanda zai tare iska, wannan doka ta yarda da shi, kuma ita da kanta za ta rubuta wa mai gidan.

Haka aka yi, takardunmu kuma suka fito da bazara. Amma kwana biyu Umma ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye mini abinci ta wuce. Abba ne ya dafa kaina ya ce, "Kin yi daidai, amma ki ba uwarki haƙuri." Na ba ta.

Yanzu ina zaune a flat a hawa na tara a Croydon, ginin da bai kai ni shekaru ba, ba kuma wanda zai zo da tocila in na canja masa wani abu. Umma ta koma Zariya bayan rasuwar Abba. In mun yi waya takan tambayi unguwar da maƙwabtanmu na da, amma ranar nan ba ta taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa ba. Gidan an samu masu kare shi. Umma ita kaɗai ta tsaya tana kare mu, da iya abin da ta sani.