Ƙasan Kujera

Sannu-Sannu ba sunan yanka ba ne, amma shekara talatin ke nan babu mai kiransa da wani. Kafinta ne, shagonsa na ƙarshen layin masu walda, inda ƙarar injin yankan ƙarfe ba ta barin mutum ya ji ko tarin kansa. Idan ka kai masa aikin kujera ya ce maka sati biyu, to ƙara biyu a ranka ka tafi harkarka. Ba ƙiwa ba ce, Allah ya sani. Wata ɗabi'a ce ya ɗauko wurin maigidansa: ba ya sallamar kujera sai ya kifa ta, ya bi ƙasanta da samfefa har ya yi sumul kamar samanta. Wurin da babu wanda zai taɓa leƙawa, nan yake kashe kwana biyu cur.

Maigidan nasa, wanda duk layin ke kira Baba, haka ya koya masa tun yana ɗan shekara sha biyar. Baba bai taɓa duba aikin almajirinsa da ido ba. Hannu yake zurawa ƙarƙashin mazauni, in ya ji kaushi ya ture kujerar da ƙafa, ko uffan ba zai ce ba.

Yanzu Baba ya tsufa, ya ajiye guduma, yana zaune a ɗakin baya na gidan 'yarsa. Idonsa ne ke tafiya, kuma likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa 'yan watanni suka rage, ba kuma mai dawowa ba ne. Ranar da Sannu-Sannu ya je gaishe shi, tsohon ya ce cikin wasa, "Kujera ɗari nawa na yi a garin nan, ko hoton ɗaya ba ni da shi. Da zan ƙara ganinsu sau ɗaya kafin a kashe min fitila, ai da na more."

Maganar nan ta tsaya wa Sannu-Sannu a rai. Ya kai ta wurin ƙanwarsa Auta, wadda ke aiki a laburaren unguwa, ya ce zai ɗauki hotunan ya zuba a dandalin zumunta inda yake saka nasa.

"Can ɗin da hoto ɗaya sai an ratsa talla goma kafin a kai gare shi?" in ji Auta. "Wayar Baba ma ba za ta ɗauka ba. Yaya, zaman haya kake yi a can, ranar da mai gida ya ga dama ya watso maka kaya. Gina naka shafin a intanet mana."

Ta nuna masa nata shafin, ɗan ƙarami, na furannin da take shukawa a gwangwani. Ta nuna masa na wasu mutane da suka gina nasu da hannunsu, wani na kiwon tattabaru, wata na gyaran keke, kowa ya liƙa adireshin ɗan'uwansa a ƙasan shafinsa kamar maƙwabta masu ƙofa a buɗe. Babu talla, babu mai ce maka ga yadda za ka jera kayanka. Sannu-Sannu ya miƙe tsaye. Mutumin da ya haura hamsin, sai ga shi yana zagaya teburin karatu yana murza hannu.

Washegari ya zo da guntun falanki a hammata. A kansa ya rubuta burinsa da fensirin da ke maƙale a kunnensa, har guda goma sha ɗaya. Akwai bidiyo, akwai kiɗa mai tashi da kansa, akwai harsuna uku, har da wurin da mutanen ƙetare za su yi odar gado. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓi fensirin ta hau sokewa.

"Wa zai yi odar gado daga ƙetare ya jira ka, Yaya? Ai sai ya tsufa a tabarma."

Uku ta bar masa. Ya samo hotunan kujerun Baba duk inda suke. Ya gina shafi mara nauyi wanda tsohuwar waya za ta buɗe. Na ukun shi ne ya ja wa layi biyu: Baba ya gani da idonsa. A gefe suka rubuta sati shida, ya rataye falankin a ƙusa saitin bencinsa.

Farautar kujerun ita ce daɗin duniya. Ya hau babur yana bin gidaje da shaguna, yana sallama yana roƙon a bar shi ya shafa ƙasan kujera. Wata mata ta ɗauka taɓin hankali ne ta kira mijinta. Amma hannunsa bai taɓa kuskure ba, yana zurawa zai ce, "Ta Baba ce!" Ya samo ta mai aski, mai dogon baya. Ya samo 'yar guntuwa a wurin wata tsohuwar ungozoma, da guda shida a ofishin wata makaranta, da wata a shagon tela an ɗora mata buhun ƙyalle shekara da shekaru. Cikin kwana goma sha biyu ya haɗa arba'in da bakwai, ya dawo shago ya buga wa buri na farko maki da ƙarfi har fensirin ya karye.

Daga nan kullum ƙarfe huɗu yake rufe shago, ya kakkaɓe garin katako daga gashinsa, ya tafi laburare ya zauna gaban kwamfutar da ke jikin taga. Da yatsa biyu yake bugawa, yana laluben kowane harafi. Ranar da "Kujerun Baba" ya fito ɓaro-ɓaro a allon, a adireshin da yake nasa shi kaɗai, ihu ya kurma har masu karatun jarida suka zabura. Auta ta ce in ya ƙara za ta fitar da shi, yayanta ne ko ba yayanta ba.

A sati na uku ne ya gamu da abin da ya kayar da shi. Wajen saka hoton farko, sai ya ga wani gurbi da ake cikewa.

"Wannan fa?"

"Bayanin hoto ne. Ba ya fitowa a shafin, sai in hoto ya ƙi buɗewa, ko ga masu sa waya ta karanta musu. Rubuta 'kujera' kawai mu wuce."

"Wato babu mai gani?"

"Kusan babu."

Sannu-Sannu ya ƙura wa gurbin ido. Ashe shafi ma yana da ƙasa. Kuma a ce ya rubuta "kujera" kawai a ƙarƙashin aikin Baba? Hannunsa ya ƙi. Ya shiga rubutawa dalla-dalla: irin katakon, yadda aka haɗa ƙafa da mazauni ba ƙusa, inda gwiwar hannun masu zama ta cinye fenti, tsagar da wani ya ɗaure da waya. Hoto ɗaya sai ya ci masa yamma guda. Wani lokaci ya sake hawa babur don kawai ya ƙirga sandunan bayan wata kujera.

Sati shida suka wuce, na takwas ya shigo. Auta ta daina dariya.

"Yaya, mu buɗe shi haka, ka ƙarasa daga baya. Kowa haka yake yi. Idon Baba ba zai jira ka ba."

Ya sani, kuma tsoro yake ji sosai. Kullum sai ya kalli buri na uku a jikin falanki. Amma kullum sai ya ce saura kaɗan.

A sati na goma ya gama. Da hantsi suka isa gidan da Baba yake, shi da Auta, yana tafe kamar zai tashi sama. Ya durƙusa gaban Baba ya damƙa masa wayar, shafin ya buɗe nan take. Tsohon ya kai ta dab da hancinsa, ya juya wajen taga, ya karkata kai.

"Haske dai nake gani," ya ce.

'Yar Baba, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Sati biyu da suka wuce yana gane fuskata."

Sannu-Sannu ya zauna daɓas a ƙasa. Sati biyu. Ba likita ba ne, ba kowa ba ne, shi ne ya jawo, kuma ya san haka.

Auta ce ta zare wayar daga hannun Baba, ta danne-danne, ta mayar masa. Sai ga wata muryar inji tana karatu, tana tauna kalmomin kamar baƙo: "Kujera mai dogon baya, sanduna biyar, na tsakiya ya fi faɗi. Hannun dama ya lotsa saboda shekarun dafawa. Ƙafar baya ta hagu an yi mata ƙari da ɗan katako mai duhu."

Baba ya miƙe zaune. "Ta mai aski ce! Ƙasan shagonsa ne a karkace, ni na ƙara mata ƙafa. Tana nan?"

"Tana nan, Baba. Jikansa ke aski a kanta."

"Kai! Sa ta gaba."

Muryar ta ci gaba, Baba na rigan ta. Ya gane ta ungozoma tun jimlar farko. Ya yi musu a kan ta tela, ya ce sandunan bakwai ne, daga baya ya tuna ɗaya ya karye tun ranar kai ta. Yana dariya hawaye na bin gemunsa, hannunsa kuwa ya zura ƙarƙashin kujerar da yake kai yana shafawa bai ma sani ba.

A ta goma sha tara ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Wai wannan bayanin, a ina ka rubuta shi? Kowa na gani?"

"A'a, Baba. A ƙasa yake, bayan hoton. Ba a gani."

Tsohon ya laluba har ya sami kan Sannu-Sannu, ya shafa furfurar da ke cike da garin katako, a hankali, daga goshi zuwa ƙeya. Shekara talatin da biyar bai taɓa yaba masa aiki da baki ba.

"Babu kaushi," ya ce. "Sa ta gaba."