Saude da Masu Rajistar Injin Mai

Duk ƙauyen Jajaye an san Saude da abu biyu: man gyaɗarta da kaifin bakinta. Shekara talatin tana matsar mai tana suyar ƙuli, tun mijinta na raye har ya rasu. Ba ta iya lallashi ba, amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, shi ya sa mata masu sana'ar suka ɗora ta shugabar ƙungiyarsu.

Bara waccan, bayan an cire gyaɗa, wani Mansur ya zo daga Ƙaraye a babur, da ƙatuwar waya a hannu. Ya ce shi wakilin wani kamfani ne da zai kawo wa mata injin matsar mai da rahusa, amma sai an yi rajista: suna, lambar waya, katin ɗan ƙasa, hoto, da sunan miji. Matan suka noƙe. Saude ce ta gyara mayafi ta fara tsayawa aka ɗauke ta hoto, ta dangwala yatsa a ƙasan wani rubutun Turanci da ba wanda ya karanta mata. Mata arba'in suka bi bayanta.

Inji bai zo ba. Sai kiraye-kiraye suka fara: masu tallar magani, masu cewa daga banki suke, kowanne ya san sunan mace da garinta. Wata rana aka kira Radiya, matar Ɗantala, shi kuwa ya ɗauka. Mai kiran namiji ne, ya nemi Radiya da sunanta, har ya yaba hotonta. Ɗantala ya fasa wayar, ya kora matar gidansu, sannan ya zo ƙofar Saude ko sallama babu.

"Ke kika sayar da matanmu," ya ce. "Me aka ba ki?"

"Abin da aka ba uwarka," in ji Saude. Amma da ta koma ciki sai ta kasa ɗaga taɓarya.

A rediyo ta ji cewa akwai dokar da ta ba mutum ikon ya sa a goge bayanansa. Ta sa wani malamin firamare ya rubuta mata takarda, ta hau mota zuwa Ƙaraye, ta sami Mansur a ɗan ofishinsa.

"Inna, ai kun amince," ya ce. "A rubuce yake, za mu iya ba abokan hulɗarmu."

"Ka karanta mana?"

"Ba ku tambaya ba."

Saude ta shimfiɗa zani a bakin ƙofar ta zauna. Duk wanda ya zo shiga, sai ta gaya masa abin da aka yi musu, da murya yadda har masu shayin tsallaken titi suna ji. A rana ta uku Mansur ya miƙo mata takarda mai hatimi, yana kauda kai.

"Mun goge na wajenmu. Waɗanda suka riga suka karɓa kuma, ba ruwanmu."

Kiran bai daina ba. Dattawa sun sa baki Radiya ta koma ɗakinta, amma har yau in ta haɗu da Saude a rijiya sai ta juya baya. Ƙungiya ta zaɓi wata shugabar ba tare da an gaya wa Saude ba. Ita kuwa ta cire layin wayarta ta jefa a murhu.

Bana wani ya zo rajistar taki. Saude ta fito masa da muciya, ya tsere ya bar takalmi ɗaya. Mai unguwa ya aika a kira ta ta ba da haƙuri. Ta ce a gaya masa gyaɗarta na kan wuta.