Ranar da Aka Kai Arnold Tordoff Cin Abinci a Lincoln

Arnold Tordoff shekararsa saba'in da takwas, kuma sittin daga ciki ya yi su ne yana kiwon tantabarun tsere. A wani ƙauyen masu haƙar kwal da ke gefen Doncaster aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa Enid. Yana da shekara goma sha biyar ya fara shiga ramin kwal. Da aka rufe ramin sai ya koma mai kula da ginin makarantar firamare, har ya yi ritaya. Ba ya yawan zancen wannan duka. In ka zauna da shi, labarin da zai ba ka shi ne na wata shuɗiyar tantabara da ta dawo masa daga Faransa, tafiyar mil ɗari biyar, cikin ruwan sama, ta riga na kowa a ƙungiyarsu. Jaridar gunduma ta ba abin layi shida. Har yau takardar tana manne a bangon kicin ɗinsa, ta yi ja don tsufa.

Ɗakin tantabarun yana can ƙarshen filin bayan gidansa. Da hannunsa ya gina shi da katako, yana yi masa fenti fari da kore duk bayan shekara biyu. Tsuntsaye arba'in da biyu ne a ciki, kowanne da zobe a ƙafa, kuma ya san uwa da kakar kowanne.

Shekara biyu da suka wuce numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce ƙurar jikin tantabaru ce take cin huhunsa, in bai rabu da su ba abin zai ci gaba. 'Yarsa tilo, Glenda, wadda ke aiki a kantin magani, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Daga ƙarshe suka daidaita a teburin kicin: shi zai riƙa sa takunkumi duk lokacin da zai shiga ɗakin, ita kuma ba za ta taɓa masa tsuntsaye ba sai da bakinsa.

Ya ce, "Rantse."

"Haba Baba, ni yarinya ce?"

"Rantse da kabarin uwarki."

Ta rantse. Shi kuwa, a faɗi gaskiya, takunkumin ya fi daɗewa a aljihunsa fiye da a fuskarsa.

A watan Yulin bara ranar haihuwarsa ta faɗo Asabar. Glenda ta ce za ta kai shi Lincoln, su ga gari, su ci abinci mai kyau. A can ne shi da Enid suka yi kwana biyu bayan aurensu, kuma bai sake komawa ba. Ta kama musu tebur a wani gidan abinci tun ana saura mako biyu. Ta ce mijinta Clive ba zai samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi.

Aikin kuwa shi ne wannan. Clive da wani mai kiwo daga wajen Hull za su jira a bakin titi cikin motar kaya. Da zarar uba da 'ya sun kama hanya, sai su kwashe tsuntsayen, su wargaza ɗakin, kafin yamma komai ya ƙare.

Ƙarfe tara saura Arnold ya fito sanye da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, riƙe da kwando.

Glenda ta ce, "Baba, wannan kuma fa?"

"'Yan bana ne, takwas. Mil arba'in, daidai horonsu ke nan."

"Yawon buɗe ido za mu, ba kasuwar kaji ba. Za su ɓata min mota."

"Motar da ke warin karenki? Buɗe min baya, ke dai."

Mai tantabarun tsere ba ya yin doguwar tafiya hannu rabbana. Duk inda za shi sai ya ɗebi ƙananan ya sake su a can, don su koyi hanyar gida. A gidan Glenda ta tashi, ta san haka sarai, amma ta ce a duk shirin da suka yi abin bai faɗo mata a rai ba ko sau ɗaya. Ta ga in ta matsa zai tsargu. Ta buɗe masa ƙofa.

Da suka isa Lincoln bai yarda a sake su a tsakiyar gari ba, saboda shahon da ke sheƙa a hasumiyar babban cocin. Ya sa ta tsaya a filin da ake kiwon dawaki, yamma da gari. Ya ajiye kwandon a kan ciyawa, ya bar su suka huta na minti goma, sannan ya buɗe. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi kewaye biyu, suka miƙa arewa maso yamma. Ya duba agogo, ya rubuta goma da kwata a bayan wata ambulan. Glenda tana tsaye daga gefe tana latsa waya.

Ta so su hau da mota har saman tudun da babban cocin yake. Ya ƙi. Ya ce da ƙafa shi da Enid suka hau Steep Hill, da ƙafa zai hau. Titin duwatsu ne, tsaye kamar tsani. Sau uku yana tsayawa, kowane karo sai ya juya yana kallon tagar wani kanti kamar mai niyyar saye. Ɗaya daga cikin kantunan huluna na mata ake sayarwa.

A ƙofar cocin ya cire hula, ya kashe wayarsa. Sun fi awa a ciki. Ya nemo wani ɗan aljani da aka sassaƙa da dutse, da ke zaune can sama ya harɗe ƙafa, wanda kowane baƙo ke ɗaga wuya yana nema, ya nuna mata.

"Uwarki ta ce da shugabanmu na rami yake kama. Ranar na yi dariya har wani limamin cocin ya harare mu."

Da suka fito ya riƙe hannunta, abin da rabonsa da yi tun ranar bikinta. Ya ce, "Kin kyauta, 'yar nan."

Ƙarfe ɗaya suka zauna a gidan abincin, tsohon gini mai gajeren rufi, kusa da ganuwar tsohuwar fadar garin. Aka kawo gasasshen naman shanu da dankali da wake kore, da romo a ɗan tulu. Ya ci loma uku, ya ce naman bai kai na Enid ba amma ya fi na Glenda. Sai ya zaro waya.

"Bari in ji ƙarfe nawa suka sauka."

"Wa za ka tambaya?"

"Mavis mana. Tun jiya na bar mata gwangwanin hatsi."

Mavis Outram maƙwabciyarsa ce ta shekara arba'in, mijinta ya rasu. Glenda ba ta san da wannan shiri ba. Da wayar ta kunnu sai ga kiran Mavis har goma sha ɗaya. Arnold kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a buɗe yake sa muryar waya. Glenda ta ji komai, mutanen teburin kusa ma sun ji.

"Arnold! Ina ka shiga? Na kira ka har yatsana ya ƙage!"

"Coci na shiga, tsohuwa, ke ma ya kamata ki gwada. Sun iso?"

"Sun iso tun sha ɗaya da minti ashirin. To a ina za su sauka? Na dawo daga gyaran gashi na tarar wannan sakaran surukin naka ya ɗaye rufin ɗakin tantabarun. Wani mutum ya kwashe sauran a mota ya tafi. Naka suna ta kewaya sama, su sauko su koma, su sauko su koma. Na kira 'yarka sau uku, ta ƙi ɗauka."

Arnold ya juya ya kalli Glenda.

"Arnold? Kana ji na?"

"Na ji. Ki ajiye musu ruwa a inda za su gani."

Ya kashe wayar, ya ajiye ta kusa da faranti. Ya gyara wuƙa da cokali mai yatsu suka kwanta gefe ɗaya. Bai ɗaga murya ba.

"Lokacin da na buɗe kwandon nan, kin sani?"

"Na sani."

"Kika tsaya kina kallo."

"Na aika wa Clive saƙo ya dakata, ya ce ya riga ya cire rufi. Baba, sau uku ka tsaya a hawan nan. Leɓenka har ya canja launi. Kana tsammanin ban gani ba? Hular mata za ka saya?"

"Kin rantse."

"Na rantse. Kai ma ka ce za ka sa takunkumi. Yana ina? Ita Mama, zama na yi ina kallon ta har ta tafi, ba abin da zan iya. Kai akwai abin da zan iya."

"Da sai ki zo ki faɗa min a fuskata, in zage ki, ki zage ni. Ba ki sa ni in sa kwat ba."

Daidai nan ma'aikatan gidan su uku suka fito da burodin zabibi da cuku, an soka kyandir a tsakiya, suna waƙar ranar haihuwa. Glenda ce ta shirya tun ranar da ta kama teburin. Sauran masu cin abinci, da waɗanda suka ji wayar da waɗanda ba su ji ba, suka taya. Arnold ya miƙe tsaye har aka gama. Ya gode wa kowa, ya ce abincin ya yi daɗi ƙwarai. Sau biyu ya hura kafin kyandirin ya mutu. Sannan ya ɗauki hularsa.

Suka kama hanyar gida. Uku da rabi suka iso. An jera katakon a jikin shinge, fari da kore, inda ɗakin yake kuma sai daɓen siminti. Tantabaru bakwai suna kan rufin gidan, ta takwas ba a sake ganinta ba. Clive yana tsaye da ragar kamun kifi a hannu, da ita ya yi ta ƙoƙarin kama su tun rana. Ya fara cewa, "Baba, wallahi don lafiyarka..." Arnold ya wuce shi kamar ba mutum a wurin.

Ya karɓi gwangwanin daga hannun Mavis ya kaɗa. Tsuntsayen suka taso, suka nufi daidai inda katakon da suke sauka a kai yake a da, suka yi ta fuffuka a iska, suka koma kan rufi. Ya yi ta kaɗawa har Mavis ta kawo masa kujera.

Kwana huɗu ya ɗauka kafin ya shawo kan biyar suka shiga rumfar ajiyar kayan lambu ta Mavis. Biyu sun ɓace. Talatin da huɗun da aka kai Hull suna nan da rai, mutumin yana kula da su. Sai dai manyan tsuntsaye ne, in ya sake su gidan Arnold za su nufa, don haka a kulle suke, kuma a kulle za su ƙare. Cikinsu akwai jikokin shuɗiyar nan ta Faransa.

Shekara guda ke nan. Likita ya ce huhun ya ɗan sassauta, Glenda tana da takardar. Duk Lahadi tana kawo masa abinci, yana ci, yana cewa an gode. Asibiti kuwa a bas yake zuwa, sai ya canja bas sau biyu, ko ana ruwa. Ya fita daga ƙungiyar tsere, ya ba wani agogonsa na tsere. Biyar ɗin nan Mavis ce ke share musu wuri, shi yana zaune daga bakin shinge yana gaya mata inda ta bari.

Lahadin da ta wuce, ni mai ba ku labarin nan ina gidan lokacin da Glenda take haɗa kwanukanta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ranar Asabar in zo in kai ka Hull ka gan su? Mutumin ya ce ko yaushe. Sai mu tsaya mu ci wani abu a hanya."

Arnold ya kurɓi shayinsa.

Ya ce, "In na bi ki, wa zai tsare min gidan?"